Jirgin Hoyt Ba Shi da Birki

In za a jera masu cika baki na garinmu Mabry, a jihar Alabama, to a fara ɗauke mijin yayata Hoyt Tillery a ajiye shi gefe guda tukuna, don kada a zalunci sauran. Shekara da shekaru yana sayar da katifu a bakin babban titi, kuma har ya rufe shago ya koma zaman gida ba a taɓa ambata wani aiki a gabansa ya ce bai iya ba. In motarka na tari, shi makanike ne. In haƙorinka na ciwo, zai ce buɗe baki ya gani.

Garinmu kuwa garin kifi ne. Tafki na nan bayan gari, kuma kusan kowane magidanci yana da jirginsa na kamun bas, kifin nan mai ƙaton baki da ke hana mazanmu zaman gida ranar hutu. Hoyt kaɗai ba shi da jirgi. Iyakar saninsa da kifi a faranti ne, an soya an matsa masa lemon tsami.

Abin ya samo asali ne wata safiya a gidan abincin Opal, inda muke haɗuwa shan kofi. Odell Pickens, wanda shi da Hoyt ba su taɓa yarda a kan komai ba tun suna makaranta, yana ta zagayawa da hoton wani kifi da ya kama. Fasto Thurman na zaune tare da mu, yana tuna wa mutane walimar coci ta bakin tafki da ake yi kowace shekara, wadda kowane mai jirgi ke kawo nasa kason kifin a soya.

Hoton ya iso hannun Hoyt. Ya nesanta shi da fuskarsa, ya matso da shi, ya taɓe baki.

"Wannan ne kifin, ko kuwa abin da ka sa a ƙugiya don kama kifin?"

Odell ya ce, "Ka ji mai katifa. Kai da ko kwaɗo ba ka taɓa kamawa ba."

"Don ban ga dama ba ne. Mene ne a ciki? Ka jefa igiya, ka zauna kamar wanda aka yi wa rasuwa, ka ja. Ni da na sayar wa mutanen garin nan katifu, har da waɗanda ba sa barci, kifi ne zai gagare ni?"

"To ka kawo ko ɗaya walimar bana mu gani."

Hoyt ya miƙe tsaye, ya gyara wandonsa a kan tumbi. "Ɗaya? Fasto, ka sanar a coci. Bana kowa ya huta. Kifin walima gaba ɗaya a wuyana yake."

Fasto ya ce, "Ɗan'uwa Hoyt, jama'a fa da yawa. Ga yara, ga baƙi."

"A gayyato na garin gaba ma."

Odell ya buga tebur yana dariya har kofinsa ya zube. Ya rantse shi da kansa zai bi gida gida ya tabbatar babu wanda ya jiƙa ƙugiya a wannan makon. Opal ta leƙo daga wajen murhu ta ce, "Bari in gaya wa mata su ƙara wake."

Washegari Hoyt ya zo ya ɗauke ni a farar motar Yaya Nelda, wai ta fi tasa a-kori-kurar sanyi, muka nufi filin Dewey mai sayar da jirage. A hanya na ce masa, "Hoyt, mai farawa ƙaramin jirgin alminiyom yake saya, mai ɗan inji. In ka buga shi da kututture ya loɓa, ka sa guduma ka miƙe shi."

"Verlin, kai matsalarka ƙaramin tunani. Shi ya sa har yanzu motarka ba ta da rediyo."

Dewey ya tarbe mu da haƙora a waje. Da farko ya yi abin kirki, ya kai mu wajen wani ɗan jirgi mai launin toka, ya dafa shi ya ce, "Wannan shi ne daidai mai koyo."

Hoyt ya waiga baya, ya waiga hagu. "Wa ke koyo a nan? Verlin, kai ne?"

Nan take Dewey ya gane irin tsuntsun da ya faɗo masa. Ya ce, "Gafarta mini, yallaɓai, idona ne. Da ganin tsayuwarka an ga tsohon hannu. Biyo ni ciki."

A ciki wani zungureren jirgi ke kwance bisa tirela, wato amalanken da ake jan jirgi da shi a bayan mota, ja wur, an barbaɗa masa ƙyalƙyali sai ka ce kek ɗin biki. Injin da ke bayansa ya fi firjin gidana girma. Akwai darduma, akwai kujeru masu juyawa, ga wani allo kamar talabijin wanda Dewey ya ce yana nuna kifi a ƙarƙashin ruwa. Ya kunna mana, sai ga kifaye manya manya suna wucewa a jere.

Hoyt ya tuɓe takalmi ya hau. Ya danna kujera da gwiwa, ya danna da gwiwar hannu, sannan ya miƙe a kan dardumar ya kwanta rigingine, ya juya dama, ya juya hagu.

Na ce, "Me kake yi haka?"

"Gwaji. Ni da na kwanta a kan abu na san ingancinsa. Wannan ba zai sa ciwon baya ba."

Bai tambayi yadda ake tuƙa shi ba, bai tambayi man da yake sha ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko ya fi na Odell gudu. Dewey ya ce in jirgin Odell ya tashi da safe, wannan ya tashi da rana, zai riga shi isa. Aka shiga ofis. Abin da ke hannun Hoyt bai kai ba, sai na ga Dewey yana leƙen farar motar Yaya ta taga, Hoyt ma yana leƙenta. Na ce, "Hoyt, kada ka soma." Ya ce in je waje in duba tayoyin tirela.

A motar Dewey muka koma gida, jirgi na biye da mu a baya.

Yaya Nelda na tsaye a baranda da tsintsiya. Ta dubi jirgin tun daga hanci har wutsiya, ta dubi titi, ta dubi mijinta.

"Ina motata?"

"Ga ta nan, uwargida. Kama ta canza."

"Hoyt Tillery, da wannan abin zan je kasuwa? Da shi zan kai Mama asibiti?"

"Ranar Lahadi, in kika ga gari ya taru yana tafa wa mijinki, ke da kanki za ki ce in sayar da gidan in ƙaro wani."

Ta juyo kaina. "Kai kuma kana tsaye aka yi?"

Na ce, "Tayoyi aka ce in duba, Yaya."

Ta ce da Hoyt, a hankali, irin muryar da tun ina yaro na san in ta fito a nemi wurin ɓuya, "Ni ce shugabar masu girkin walimar nan. In ka bar ni tsaye gaban matan coci da tafasasshen mai babu abin sakawa, kai zan saka."

Gareji ya ƙi ɗaukar jirgin, wutsiyarsa ta yi waje da kusan rabi, don haka aka bar shi a tsakar gida. Kwanakin da suka biyo baya a cikinsa Hoyt ya tare. Ya sayi hula da baƙin tabarau da riga mai tarin aljihu, ya zauna a kujerar gaba yana koyon jifa a kan ciyawa. Ya kamo reshen bishiya. Ya kamo jakar mai raba wasiƙu. Ranar Alhamis ya kamo wani babban ɗan kamfai daga igiyar shanyar maƙwabciya, ya jawo shi ta saman shinge yana kaɗawa kamar tuta, matar ta biyo shi da bokiti.

Ya ce mata, "Ki gode Allah, kin ga ƙwarewa kyauta. Daga can fa na auna shi."

Ranar Asabar muka ja jirgi zuwa gangaren simintin da ake sauke jirage a tafki. Shirin Hoyt shi ne ya cika jirgin da kifi kafin rana ta take, Lahadi ya huta. A gangaren nan kullum akwai tsofaffi da ke zuwa da kujerun naɗewa su zauna kallon masu sauke jirgi, ba su da wani aiki. Ran nan sun ninka, don Odell ya yi shela. Har mai sayar da gyaɗa dafaffiya ya zo.

Sai an koma da baya ake sa tirela a ruwa. Hoyt ya murɗa sitiyari dama, tirela ta yi hagu. Ya murɗa hagu, ta yi dama. Ya ƙara wuta, ta naɗe ta zo gefen tagarsa kamar za ta gaishe shi.

Wani tsoho ya ɗaga murya, "Ɗan'uwa, tafkin na ta nan bayanka! Wancan bayan gida ne!"

Hoyt ya leƙo. "Ina duba faɗin wurin ne!"

Ya yi gaba, ya yi baya, ya ture kwandon shara, ya sa wani kare ya hau tebur. Da ƙyar da jiɓin goshi tirela ta shiga ruwa. Ya fito yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe, ya ce in tura jirgin. Na tura, jirgi ya ƙi sauka. Ya ce ya ƙara shiga ruwa ne, ya koma mota ya ƙara baya. Sai ga jirgi ya taso kan ruwa, tirela ma ta taso tare da shi, manne a cikinsa, suna lilo.

Odell ya ce, "Hoyt, igiyoyin da suka ɗaure shi da tirela fa? Ko da ita za ka tafi, in ka gaji da ruwa ka hau titi?"

"Na sani! Ina gwada ƙarfin ɗaurin ne."

Aka kwance. Jirgi ya sauka, Hoyt ya hau ya zauna a kujerar tuƙi, ya gyara tabarau, ya ce a ɗauke shi hoto. Ana cikin ɗauka na ga dardumar ta canza launi. Can sai takalminsa guda ya taso yana yawo kusa da gwiwarsa.

"Verlin, haka ake yi? Ruwan na shigowa ta ƙasa."

Akwai ɗan rami a bayan kowane jirgi da ake zurar da ruwa, a toshe shi kafin a shiga tafki. Abin toshewar na aljihun rigar Hoyt. Ya ɗauka marfin wani abu ne da Dewey ya ba shi kyauta.

Tsofaffin nan suka miƙe tsaye don su gani da kyau, wani har da hawayen dariya. Kafin a mayar da jirgin kan tirela ya sha ruwa ya yi nauyi, a-kori-kura ta kasa jan sa, tayoyinta na ta juyawa a kan gansakuka tana zamewa baya, har ruwa ya shiga bututun hayaƙi tana ɓulɓul. Sai da Odell ya je gida ya kawo tarakta. Bai yi sauri ba. Ya tsaya ya sayi gyaɗa ma a hanya.

Da aka fito da mu, Hoyt ya tsaya tsamo-tsamo, ruwa na tsiyaya daga kowane aljihu, ya dubi jama'a ya ce, "Sabon jirgi dole a jiƙa shi ciki da waje kafin a fara aiki da shi. Wanda bai sani ba ya koya."

Odell ya ce, "Mun koya. Gobe da wane lokaci za mu zo da faranti?"

Saura safiyar Lahadi kaɗai. Gari na wayewa muka koma, wannan karon ni na sauke jirgin, ni na toshe ramin. Da na waiwayo sai na ga Hoyt ya sa rigar hana nutsewa har biyu, ɗaya kan ɗaya, ya kumbura kamar buhun auduga. Ya kuma ɗaura igiyar da ke kashe inji in mai tuƙi ya faɗo daga jirgi a ƙugunsa ya yi mata ƙulli uku.

Na ce, "Lafiya?"

Ya duba ko akwai mai ji. "Ban iya iyo ba. In ka gaya wa Odell, na cire ka daga dangi."

Ya tura totur gaba gaba ɗaya. Hancin jirgi ya tashi sama har na daina ganin tafki, sai gajimare. Hularsa ta tafi, tabarau ya bi ta, kofina ya dawo mini a fuska. Kumatun Hoyt na kaɗawa kamar na kare a tagar mota, yana ihu, ban sani ba na murna ne ko na neman ceto. Da ya sassauta, mun kusa tsakiyar tafki.

"Ka ga tuƙi?" in ji shi.

Ya kunna allon. Kifaye suka cika shi, manya manya, a jere. Ya ce, "Mun faɗo kan gidansu! Jefa anka!" Bai jira ni ba, ya ɗauki ƙarfen nan mai nauyi da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya ya wurga da kansa. Anka ta nutse, igiya ta bi ta sululu, har ƙarshenta ya wuce ta gabanmu ya shige ruwa. Ba a ɗaure take da komai ba. Muka tsaya muna kallon wurin.

"Ai shi ya sa na sa Dewey ya ba ni biyu," in ji shi. Ya ciro ta biyun, ya ɗaure igiyarta tamau a wani ƙarfe na gefen jirgi, ya ce wannan kada a taɓa ta sai da izininsa.

Muka yi ta jifa. Rana ta ɗaga, ta soma cizo. Ko motsi babu. Muka canza wuri, allo ya nuna kifi, muka jefa, shiru. Muka sake canzawa, haka. Can na tsura wa allon ido. Akwai wani ƙaton kifi da ke shigowa ta hagu, ƙanana biyu na bin sa, sannan wani kututture mai reshe ya wuce.

Na ce, "Hoyt, wannan kifin na san shi."

"A ina?"

"A shagon Dewey. Na kuma gan shi a tsakar gidanka ranar Alhamis, a kan ciyawa."

Ya matso ya duba. Ƙaton kifin ya sake shigowa ta hagu, ƙanana biyu na bin sa. Hoton talla ne da ake kunna wa masu saye, ba wanda ya kashe shi.

Hoyt ya share gumi. "Ko kuma bin mu yake yi."

Can gefen ciyayi muka hango wani mutum a ɗan ƙaramin jirgi yana ta ɗaga kifi. Hoyt ya matsa kusa da shi har ya kusa kife shi da igiyar ruwa, ya yi murmushin masu katifa ya ce, "Bawan Allah, sayar mini da abin da ka kama."

Mutumin ya ce, "Doka ta hana sayar da bas."

"To ba ni kyauta, ni kuma in ba ka kyauta."

Mutumin ya dubi jan jirgin, ya dubi riguna biyu. "Kai ne Hoyt?"

Hoyt ya buɗe ƙirji. "Ashe sunan ya iso nan."

"Ya iso. Ni ɗan ƙanwar Odell ne. Ya ce ko ƙaya kada in ba ka."

Rana ta kai tsaka. Daga can ƙetaren ruwa iska ta soma kawo mana waƙar coci, da ƙamshin mai da aka ɗora a wuta. Na ce, "Mu je ka ba su haƙuri, a aika gari a sayo kaji."

"Haƙuri? Gaban Odell?" Ya zauna ya kama sitiyari. "Ga dabara. Za mu shigo da gudu, mu yanka ruwa, in yi kwana a gabansu in tsaya cak. In suka ga abin da jirgin nan ke yi, wa zai tuna da abinci?"

"Yaya."

"Riƙe kujerarka."

Wurin walimar wani lungu ne mai yashi, bayan wani tsibiri mai itatuwa, sai ka zagayo kake ganin sa. Muka zagayo kamar an harbo mu. Ga tebura a ƙarƙashin inuwa, ga mata da manyan tukwane. Abin da Hoyt ya manta, ni ma na manta, shi ne kafin a ci abinci baftisma ake yi. Fasto Thurman na tsaye cikin ruwa har ƙugu, masu jiran a tsoma su sun yi layi cikin fararen riguna, mawaƙa sun jeru a bakin yashi suna rerawa.

Hoyt ya miƙe tsaye yana ɗaga musu hannu. Sai ya ga inda muka dosa. Ya ja totur baya, inji ya yi ƙasa da murya, amma jirgi ya ci gaba da sheƙawa abinsa. Ya soma tattaka darduma da ƙafa, nan, can, ko'ina.

"Verlin! Ina birki?"

"Jirgi ba shi da birki!"

"Duk kuɗin nan babu birki? Anka! Na ba ka izini!"

Na wurga. Igiya ta warware, ta miƙe, anka ta kama wani kututture a ƙasa. Jirgin ya fizge gefe guda ya juya kamar an mare shi. Ni na faɗa tsakanin kujeru. Hoyt da ke tsaye ya tashi sama, hannuwa a buɗe, riguna biyu, igiyar ƙugunsa ta fizge ta kashe injin, ya tafi ya faɗa tsundum a gaban Fasto. Igiyar ruwan da muka tayar ta wuce ta kan masu layi, ta hau yashi ta yi wa mawaƙa wanka har wuya, waƙa ta tsinke a tsakiyar kalma. Ta ƙarasa ta kashe wutar tukunya ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe.

Hoyt ya ɓullo yana dukan ruwa yana kururuwa. "Ku cece ni! Na tuba! Ya Ubangiji, na tuba! Ba zan ƙara ba!"

Ruwan fa iyakarsa ƙugu. Fasto ya share fuska, ya dubi mutumin da ke rungume da ƙafarsa, ya dubi jama'a.

Daga wajen tukwane muryar Yaya Nelda ta taso. "Fasto, riƙe shi! Tun da na aure shi nake fama ya zo a yi masa, yana ce mini yana da mura. Kada ka sake shi!"

Fasto ya ce, "Ɗan'uwa Hoyt, da bakinka ka ce ka tuba?"

"Na tuba! Fitar da ni!"

"Jama'a kun ji?"

Aka amsa da ƙarfi, muryar Odell ta fi ta kowa.

Fasto ya dafa goshinsa ya tura shi baya. Hoyt ya ƙi nutsewa, riguna biyu suka dawo da shi sama kamar gora. Ya sake turawa, ya sake tasowa. Fasto ya ce ko akwai mai taimako. Odell ya shigo ruwa da takalminsa na coci da komai, yana naɗe hannun riga, ya ce bai taɓa jin kiran aikin Allah kamar yau ba. Su biyu suka danna, Hoyt ya ɓace, kumfa ta taso. Aka ɗago shi, mawaƙa suka kama Haleluya, rabi na waƙa rabi na riƙe da ciki.

Aka jawo shi bakin yashi. Yana tari yana tofar da ruwa, sai ya daka tsalle ya soma rawa yana dukan ƙirji. Wata tsohuwa ta ce Ruhu ne ya sauko masa. Ya tura hannu tsakanin rigunan, ya lalubo, ya zaro wani ɗan bas da bai wuce tafin hannu ba, yana wutsil-wutsil.

Hoyt ya dubi kifin. Na ga fuskarsa tana dawowa daidai, ƙirjin na tasowa.

Ya ɗaga shi sama. "Odell! Kai da ƙugiya kake kamawa. Ni da ƙirji!"

Wata mata ta fito daga layin mawaƙa tana matse rigarta. Maxine Suggs ce, jami'ar kula da kifi da namun daji ta yankinmu. Ta karɓi kifin, ta gwada shi da hannunta, ta miƙa masa.

"Bai kai girman da doka ta yarda ba. Mayar da shi, ɗan'uwa. Yanzu aka wanke ka, kada ka fara da laifi."

Hoyt ya tsuguna ya sake shi, ya miƙe ya fuskanci taro. "Ku dai shaida ne. Na kawo kifi, hukuma ta ƙwace."

Ran nan wake muka ci, da kwaɗon kabeji, da ƙosan masara da Yaya ta yi ta soyawa don kada man ya tashi a banza. Yara na tambaya ina kifi, iyaye na nuna musu Hoyt, wanda aka naɗe da mayafin tebur aka zaunar a gindin bishiya. Yaya ta zo ta tura hannu a aljihunsa ta zare makullin a-kori-kura, ta ce daga yau tata ce, jirgi kuma gobe zai koma wurin Dewey ko da a ka za a ɗauke shi.

Da ta juya, Hoyt ya yafuto ni. Na matsa. Ya nuna wurin da Fasto ya tsaya ɗazu, ya rage murya.

"Verlin, na gano inda suke taruwa. Gobe da sassafe ka zo, kafin ta tashi."

Na ce, "Gobe ina da ciwon baya."

Ashe Yaya ba ta yi nisa ba. Ta dawo ta tsaya a kansa, ludayin suya a hannu, mai na ɗiga.

"Bar shi ya zo," in ji ta, tana nuna ni da ludayin. "In ya taka bakin ruwan nan gobe, shi ma zai samu nasa rabon tafasasshen man."